Daga Kano Zuwa Agbani da Sikila a Jiki

Duk wanda ya karanta shari'a a Najeriya ya san takardar digiri kaɗai ba ta ba shi ikon tsayawa gaban alƙali da sunan lauya. Bayan shekara biyar a jami'a, sai ya ƙara kusan shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, ya zauna jarrabawar ƙarshe, ya ci, sannan majalisar dattawan lauyoyi ta kira shi ta shigar da shi cikin sana'a, ya je ya sa hannu a rajistar Kotun Ƙoli. A 1962 aka yi dokar da ta kafa makarantar, ta buɗe a farkon 1963 da ɗalibai takwas a wani gida da ke titin Igbosere a Legas. Yau hedikwatarta tana Bwari kusa da Abuja, tana da rassa a Legas, Bagauda ta jihar Kano, Yola, Yenagoa, Fatakwal da kuma Agbani ta jihar Inugu. Ɗalibi yakan faɗi inda yake so, amma makaranta ce ke da ta cewa. Ni Bagauda na yi ta roƙon Allah Ya ba ni, don ko ciwo ya tashi cikin dare, kafin gari ya waye Umma ta iso. Da sunaye suka fito, sai na ga Agbani.

Ni mai sikila ce, cutar da wasu ke kira amosanin jini. Abba AS ne, Umma ma AS ce, sun yi aure a zamanin da ba a san gwajin jini kafin ɗaurin aure ba. Idan irin waɗannan biyu suka haɗu, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A gidanmu kason ya faɗo a kaina da kan wani wana da ban tashi na san shi ba, ya rasu bai kai shiga firamare ba. Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kusan kwana 120 tana aiki, tamu kuwa cikin kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininmu a ƙasa yake, idonmu da ɗan rawaya. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ko sanyi ya buge shi, ko zazzaɓi ya shiga, ko gajiya ta wuce kima, sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. Abin da ke biyo baya ciwon ƙashi ne mai sa magidanci kuka a gaban 'ya'yansa. An ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da wannan cuta duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu a duniya.

Zangon farko na karatu na yi shi a Agbani lami lafiya. Daga nan aka sallame mu zuwa sanin makamar aiki: 'yan makonni a kotu ana kallon yadda ake shari'a, 'yan makonni a ofishin lauyoyi ana koyon rubuta takardu, kullum kana cike littafin abin da ka gani. Na yi nawa a Kano. Damina ta yi nisa, sauro ya yi yawa, ana gab da komawa zazzaɓi ya kayar da ni, ya taso da ciwon, har sai da aka yi mini ƙarin jini. Ranar da aka sallamo ni Umma ta ce magana ta ƙare. "A bari sai baɗi, lauyanci ba guduwa zai yi ba. Na rasa ɗaya, ba zan tura ɗaya garin da ko sunansa ban iya faɗa ba cikin ruwan nan." Babu wanda ya ga laifinta. Abba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya juyo gare ni, da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Uwata, ke me kika gani?" Na ce ina so in je. Ya ce to, likita ne zai raba gardamar.

Likitan da ke duba ni tun ina sakandare ya auna jinina, ya saurari ƙirjina, ya duba idona. Tun da na shiga jami'a Barista yake ce mini. Ya ce, "Barista, ban hana ki ba. Amma jikinki yana da nasa dokokin, kuma ke kika fi mu sanin makomar wanda ya karya doka." Ya shiga lissafo su. A raba tafiyar biyu, a kwana a hanya. Kada in shiga manyan bas-bas ɗin da ke tashi daga Sabon Gari da yamma su kwana suna tafiya, saboda sanyin dare da ƙarancin tsayawa. Ruwa aƙalla lita uku a yini. Gidan sauro kowane dare. Folik asid da Paludrine da haidroksiyuriya kada su tsallake rana. Barci ya zama farilla. Ya rubuta mini takarda mai ɗauke da nau'in jinina da rukuninsa, da ma'aunin da ya saba tsayawa a kai, da magungunan da suka saba karɓa ta, ya ce duk inda na faɗi wannan takardar za ta yi magana a madadina. Sai ya zo kan sharaɗi mafi nauyi: idan zazzaɓi ya haɗu da ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi wuya, babu zancen jarrabawa, asibiti za a wuce, ko da takarda ɗaya ce ta rage. Abba ya sa na maimaita wannan da bakina a gaban Umma. A kan wannan alƙawari ta sake ni.

Bayan sallar asuba muka fita, ni da Yaya. Umma ba ta runtsa ba a daren. Ta haɗa mini dambun nama da zuma da dabino, da kuka da daddawa da yaji, ta naɗe bargo ta ɗaure, ta cika filas da ruwan zafi. Ba ta raka mu tasha ba. A soro ta tsaya ta dafa kaina ta ce, "Allah Ya tsare, Ya kai ku lafiya, Ya ba ki abin da za ki nema." A Unguwa Uku muka shiga motar Kaduna. Gari ya waye mana a tsakiyar gonakin shinkafar Kura, ko'ina kore shar, manoma sun riga sun duƙa. Da muka zo inda ake karkata zuwa Bagauda da Tiga, na bi hanyar da kallo har ta ɓace. Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, Zariya, Jaji, Mararrabar Jos, ba mu yi wata tsayuwar kirki ba sai Kawo, daga nan muka ɗauki tasi zuwa Rigasa.

Tun da aka buɗe layin dogo tsakanin Kaduna da Abuja a watan Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186, jirgin ya zama mafakar masu tsoron masu garkuwa da mutane a kan titi. Tashar cike take da manya da ƙanana, 'yan kasuwa, sojoji, ɗalibai, mata masu goyo. Abin da sauran fasinjoji ke yabon jirgin da shi, wato sanyin iyakwandishan, shi ne abin tsorona. Kafin mu shiga tarago na sa suwaita a ƙarƙashin hijabi, na sa safa biyu, na ɗora bargo a cinya. Wata yarinya da ke kujerar gaba ta yi ta leƙo ni tana tambayar uwarta ko ba ni da lafiya, uwar ta tsawatar mata, ni kuwa na ce a ƙyale ta, gaskiya ta gani.

Yaya injiniya ne, babu abin da ya haɗa shi da shari'a, amma shi ya riƙe katunan da na rubuta yana jefo mini tambaya. Darussa biyar ake jarrabawa a kansu: yadda ake gudanar da shari'ar laifuka, yadda ake gudanar da ƙararrakin da ba na laifi ba, dokokin kamfanoni, dokokin filaye da kadarori, da ladubban aikin lauya. Ya tambaye ni wa ke riƙe da ƙasa a jiha, na ce gwamna, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, amana ce a hannunsa, kuma mai takardar mallaka ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da yardarsa. Ya yi mamakin jin cewa ƙasar nan kundin laifuka biyu gare ta, Pinal Kod a Arewa, wanda ya fara aiki a 1960 kuma aka gina shi a kan na Sudan, da Kiriminal Kod a Kudu, kuma ɗalibi dole ya iya rubuta tuhuma da kowannensu, domin lasisin da yake nema na Najeriya ne gaba ɗaya. Muna cikin haka muka wuce Rijana da Jere, duwatsun ƙasar Gwari suka fara bayyana. A Kubwa muka sauka.

Gwaggona da ke zaune a can ta tarbe mu da tuwon shinkafa miyar taushe. Bwari tana nan bayan duwatsun unguwarsu, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Ta ce, "'Yar nan, ga makarantar a bayan gidanmu, me ya kai ki ƙasar Ibo?" Na ce, "Gwaggo, haka Allah Ya tsara." Ta dafa ruwa ta gasa mini ƙafafu da tawul, ta karɓe katunan daga hannun Yaya ta ce karatun yau ya isa. Ana idar da sallar isha'i na kwanta.

Washegari da sassafe muka isa tashar Utako muka sami ƙaramar bas mai zuwa Inugu. A nan ne babbar matsalar mace mai sikila a kan hanya take. Yawancin mata matafiya sukan ƙi shan ruwa tun daga gida don kada fitsari ya kama su a tsakiyar daji, cikin mota cike da maza. Ni wannan dabarar asibiti take kai ni kai tsaye. Dole in sha, kuma ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa yadda ta sauran mutane ke yi, saboda haka dole in riƙa fita. Kunya tana ce mini in yi shiru, jiki yana ce mini in yi magana. Yaya ya je ya sami direban ya yi masa bayani da Turanci, sai ga shi ya amsa da Hausa tangararan, ashe a Sabon Garin Kano aka haife shi. Ya zo har bakin taga ya ce, "Hajiya, kada ki ji komai. Ɗan ƙanwata ma da shi yake fama. Duk inda kika so a tsaya, ki buga kujera kawai." Ya canza mini wuri ya mai da ni inda iska ba ta bugowa.

Da na buga kujera karon farko, bayan mun wuce Gwagwalada, wani fasinja ya yi tsaki ya duba agogonsa. Direban ya faɗa masa wata magana da Ibo, mutumin ya yi shiru, daga baya har ya miƙo mini ayaba. Wata 'yar kasuwa mai ƙiba da ke kusa da ni ta ciro zane daga jakarta ta bi ni, ta kare ni da shi a bakin daji. Daga nan duk tsayuwar da aka yi tare muke fita, ba ta jin Hausa, ni ba na jin Ibo, ɗan Turancin kasuwa ya ishe mu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Da na ɓoye abin da ke damuna, da duk wannan alheri ya wuce ni, domin mutane ba sa taimakon abin da ba su sani ba.

Muka wuce Abaji da Koton Ƙarfe, muka hau Gadar Murtala Muhammad a Jamata. Kogin Kwara ya cika ya batse, ruwan ja, masunta suna ta kai da kawowa cikin kwale-kwale. A Lakwaja aka tsaya cin abinci, masu soyayyen kifi suka kewaye motar, Dutsen Patti yana tsaye a kan garin. Bakano ba ya wuce Lakwaja zuciyarsa ba ta motsa ba. Nan Turawa suka riƙa kawo sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu, wanda aka ci Kano a zamaninsa a 1903, a nan ya ƙare rayuwarsa a 1926, kabarinsa yana garin, haka ma Sarakunan Zazzau Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi. Su an kawo su ne ba da son ransu ba, kuma ba su koma gida ba. Ni da Yaya muka yi musu addu'a kafin motar ta tashi.

Daga Lakwaja hanya ta bi ta Ajaokuta, inda katafaren kamfanin ƙarafan da Tarayyar Sobiyet ta fara ginawa tun wajen 1980 yake tsaye shiru har yau. A Itobe muka sake tsallake kogin, wannan karon ya haɗiye Binuwai, faɗinsa ya ƙaru. Daga nan ƙasa ta canza. Jar ƙasa, bishiyoyin kashu da kwakwar manja, kunyoyin doya masu tsayi, jarkokin manja jere a bakin titi. Ƙasar Igala ke nan, Anyigba da Ejule, sannan muka ɗan taɓa ƙasar Idoma a Otukpa, muka shiga jihar Inugu. A Obollo Afor, matattarar manyan motoci, muka ji Hausa tana tashi daga kowane lungu, masu tsire, masu shayi, masu albasa. Wani dattijo mai sayar da goro ya nuna mana masallaci ya ba ni buta, muka haɗa azahar da la'asar.

Muna barin garin hadari ya haɗo, ruwa ya ɓarke. Nan take sanyi ya cika motar, na ji abin da na sani sarai, wani ɗan tsuku a ƙashin ƙaurina na hagu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban jira ya girma ba: na zuba ruwan filas a robar ɗumama jiki na manna a wurin, na sha maganin kashe zafi, na ƙara ruwa, na lulluɓa da bargo. 'Yar kasuwar nan ta ɗora ƙafata a cinyarta tana matsawa a hankali tana addu'a irin tasu. Yaya bai ce uffan ba, amma na ga yana danna waya yana neman asibiti mafi kusa. Kafin mu wuce Opi abin ya lafa. A Nayin Mayil, mararrabar da ta haɗa hanyoyin Arewa da Anacha da Inugu, mata suka taso da okpa mai zafi naɗe cikin ganye, wani abinci da ake yi da garin gurjiya da manja. Na ci biyu, jikina ya dawo.

Daga kan tudu ake gangarawa Inugu, garin yana kwance a gindin duwatsun Udi. Gawayin ƙasa ne ya haifi garin, an gano shi a 1909, aka ja layin dogo zuwa Fatakwal don fitar da shi. A nan ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar gawayi 21 a Kwarin Iva ranar 18 ga Nuwamban 1949, abin da ya ƙara wa neman 'yancin kai wuta. Kuma a nan ne mutanen gari suka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garinsu na farko a shekarun 1950. Duk lokacin da wani a gida ya tambaye ni yadda na zauna a ƙasar Ibo, da wannan labari nake fara ba shi amsa. A Gariki, inda 'yan Arewa ke da kasuwar dabbobi, muka sayi ruwan leda buhu-buhu da lemo da kankana, muka hau motar Agbani. Magariba ta yi mana a ƙofar makaranta.

Abokan ɗakina uku ne: 'yar Nsukka, 'yar Ibadan, da wata 'yar Tibi daga Gboko. Tun zangon farko na faɗa musu halin da nake ciki, sun san inda nake ajiye magani. Yaya ya ba kowacce kwafin takardar likita, muka kai ɗaya asibitin makaranta, washegari ya juya. Aka shiga makonnin bita, bayan kowa ya bayyana gaban malamai ya kare littafin sanin makamar aikinsa. A wannan lokaci makarantar ba ta barci. Ɗalibai sukan kwana a aji da kofi da goro da lemon ƙara kuzari, wasu suna zagaye fili da tsakar dare suna haddace sassan doka da ƙarfi. Dalilin wannan firgici sananne ne: a wancan lokaci ba a haɗa maki a raba, darasin da ka fi rauni a cikinsa shi ke yanke darajarka, ko da ka yi zarra a sauran huɗun. Ni kuwa ƙarfe goma na dare nake shiga gidan sauro. Wannan ya fi mini komai wuya, in kwanta ina jin takun masu tafiya aji, zuciyata tana ce mini ana wuce ni. Sai in tuna cewa karatun dare ɗaya zai iya cinye mini mako guda a gadon asibiti. Na mai da asuba lokacin karatuna, da hantsi in yi atisayen rubuta takardu, bayan azahar in kwanta. Sannu ba ta hana zuwa.

Aka fara da tambayoyin zaɓi, sannan aka shiga manyan takardu biyar, kowace rana ɗaya, kowacce awa uku, kowa cikin baƙi da fari kamar yadda dokar makaranta ta tanada. Uku na farko suka wuce lafiya. A daren da za a wayi gari a yi dokokin kamfanoni aka yi ruwa mai yawa, wajen tsakar dare ciwo ya tashe ni, a ƙugu da cinyoyi, irin wanda filas da tawul ba sa yi masa komai. 'Yar Gboko da 'yar Ibadan suka tallafe ni, 'yar Nsukka ta riƙe lema da takardar likita. A asibitin makaranta nas ta karanta takardar, ba ta ɓata lokaci da tambayoyi ba, ta sa mini kanula a hannun hagu don ta bar mini na dama, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka yi mini allurar kashe zafi. Waɗannan 'yan mata su ma jarrabawar ce a gabansu da safe. Na roƙe su su koma, biyu suka koma, 'yar Nsukka ta ja kujera ta buɗe littafi tana karantawa da ƙarfi, ta ce ai bitar ce take yi, ni ma in saurara. Cikin magagin allura ina jin ta: sanarwar babban taron masu hannun jari kwana 21, ƙuduri na musamman sai da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u.

Da asuba likita ya zo. Na faɗa masa alƙawarin da na yi wa iyayena, na ce hukuncin yana hannunsa. Ya auna zafin jikina, babu zazzaɓi. Ya daɗe yana sauraron ƙirjina, ya ce a sarari yake. Da ya ce akasin haka, da na kwanta na bar takardar ta wuce, in dawo wata shekara, kuma da ban ɗauki hakan faɗuwa ba. Ya ce in je, in dawo da zarar an tashi. Aka cire robar ruwa aka bar kanular, aka naɗe ta da bandeji. Mai kula da zauren jarrabawa ya dube ni ya dubi hannun, ya mai da ni kujerar da fanka ba ta kaiwa, ya bar mini gorar ruwana. Ciwon bai tafi ba, ya dai ja baya. Na fara da tambayoyin da na fi sani, idan ya taso in ajiye biro in ja numfashi in ambaci Allah, idan ya lafa in ci gaba. Na koma gadon asibiti na kwana, daga can na tafi takarda ta ƙarshe, ladubban aikin lauya. Da aka ce a ajiye biro zauren ya kaure da ihu da waƙoƙin coci da kabbara. Na kira Umma na ce an gama, sai a lokacin na ba ta labarin daren, ta yi ta hamdala tana kuka.

Bayan 'yan watanni sakamako ya fito a intanet cikin dare. Yaya ne ya shigar da lambata, don hannuna rawa yake. Na ci. Dokokin kamfanoni ne suka zo da maki mafi ƙanƙanta, su suka yanke mini daraja, kuma ina alfahari da wannan makin fiye da sauran. Dukanmu huɗu a ɗakin muka haye.

A Abuja aka yi bikin shigar da mu, wannan karon da Umma a cikin jirgin Rigasa, ita ce ma ta riƙe bargon. Na ɗora hular gashi ta lauyoyi a kan hijabina ba tare da wani ya tanka ba, albarkacin Firdaus Amasa, wadda aka hana shiga zauren a Disambar 2017 saboda ta ƙi cire nata, ta tsaya a kan bakanta har aka kira ta da shi a Yulin 2018. Da muka je Kotun Ƙoli sa hannu a rajista, na tuna cewa Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, macen farko daga Arewa da ta zama lauya, ta shugabanci wannan kotu daga 2012 zuwa 2014. Wasu sun share hanya kafin mu zo, mu ma akwai masu zuwa a bayanmu, kuma a cikinsu akwai masu irin jinina.

Saboda su nake wannan rubutu. Na san gidaje da yawa da aka cire yaro mai sikila daga makarantar kwana, aka hana yarinya jami'ar da ke wani gari, aka ce su zauna kusa da ido, duk da sunan tausayi. Tsoron iyaye gaskiya ne, na gan shi a fuskar Umma, kuma kabarin ɗanta ne ya koya mata shi. Amma yaron da aka tsare a ɗaki ciwon bai fasa zuwar masa ba, an dai ƙara masa da rashin sana'a, alhali maganinsa na kowane wata kuɗi yake ci har iyakar rayuwa. Abin da yake bukata shi ne likitan da ya san shi, da takarda a jaka, da ruwa, da bargo, da gidan sauro, da iyakar da aka yi yarjejeniya a kanta ba za a tsallake ba, da bakin da zai iya cewa "ina da sikila" a gaban baƙo ba tare da sunkuyar da kai ba. Da waɗannan na je Agbani na dawo. Masu shirin aure kuma su yi gwaji tun kafin zuciya ta yi nisa. Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024, amma tun kafin doka hakkin 'ya'yan da ba a haifa ba ne. Mu da aka riga aka haifa, a bar mu mu nemi ilimi da sana'a kamar kowa, a taimaka mana da shiri.

Allah Ya saka wa direban nan da 'yar kasuwar nan da abokan ɗakina da ma'aikatan asibitin nan da alheri, Ya ji ƙan wana, Ya ba masu fama da wannan ciwo sauƙi, Ya ba iyayensu ƙarfin zuciyar sakin su idan lokacin tafiya ya yi.